Zagezagi a Bakin Teku

Duk ruwan da ya sauka a kan kwanon gidajen Hanwa ta Zariya da damina, ƙarshensa teku ne. Ya bi kwata ya faɗa Kubanni, Kubanni ta miƙa wa Galma, Galma ta kai wa kogin Kaduna, shi ya zuba a Neja, Neja kuma ta yi ta tafiya har Tekun Atlantika. Ruwanmu dai ya san hanya tun fil azal. Mu masu gidan ne sai mun biya kuɗin mota.

Daga Kwangila zuwa bakin tekun Legas ya haura kilomita 800, kuma tun 1912 da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano ta Zariya, wanda a gindinsa Sabon Gari ya tashi, mutanenmu ba su daina sauka kudu ba. Masu kai tumatir da tattasai kasuwar Mile 12, ɗaliban jami'a da ake kwasa yawon buɗe ido, 'yan bautar ƙasa, ma'aikatan da aka tura taron ƙara wa juna sani. Ko ba jima ko ba daɗe, wani zai ce, "A zo a je a ga teku." A nan ne hali ke fitowa.

Wanda za ka fara cin karo da shi, tun kafin ka taka yashi, shi ne mai gani daga nesa. Ya sha shadda mai sitaci, hula ta zauna daram, takalmi sau-ciki har da safa. Yana tsaye daf da inda aka ajiye motoci, hannuwa a baya. Ka ce, "Alhaji, matso mana," ya ce, "Ai daga nan ma ina ganin komai." In igiyar ruwa ta taso can inda ko jifa ba zai kai ba, sai ya ja da baya taku biyu, don a zauna lafiya. Karin maganarsa ɗaya ce, ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma bai taɓa musun cewa shi ne kwandon ba. Kada a raina shi. A wurinsa ake barin wayoyi da walat da takalma da jariran da suka yi barci, kuma shi kaɗai ke komawa masauki a bushe. In da ni ke raba sarauta, shi zan naɗa ma'aji.

Kishiyarsa shi ne sarkin ruwan Kubanni. Wannan tun a mota ya ishi kowa da tarihi: a kududdufin bayan unguwa ya koyi iyo, ya sha tsallake Kubanni tana cike, akwai ma shekarar da ya ciro akuya daga Galma. Kafin a gama biyan kuɗin shiga ya tuɓe, saura gajeren wando, yana miƙa yana bubbuga ƙirji. Abin da bai sani ba, kogi yana da gaba yana da baya. Ka san inda ya fito, ka san inda ya nufa, in ya ɗauke ka ma ka san ƙauyen da za a je nemanka. Teku kuwa zuwa yake ya mare ka, sa'an nan ya koma yana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Igiya ta farko ta zo gwiwa, ya juyo ya ɗaga mana hannu. Ta biyu ta zo ƙugu, ya yi dariya, amma dariyar ta ɗan rage tsawo. Ta uku ba mu ga yadda aka yi ba, sai dai muka ga tafin ƙafa biyu suna kallon sama. Ya fito da rarrafe, yashi a kunne, yashi a gemu, wandon ma da ƙyar aka sasanta da shi, yana tari yana cewa, "Santsi ne. Wurin nan akwai santsi."

A nan dai wasa ya ɗan tsaya. Gaɓar Legas tana da ƙarfin igiya, kuma akwai wuraren da ruwan da ya taru a bakin gaɓa ke komawa ciki da gudu ta wata siririyar hanya. Wanda ya faɗa cikinta, in ya ce zai yi iyo kai tsaye zuwa tudu, gajiya zai yi ruwan bai gaji ba. Dabarar ita ce ya bi gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga jan. An yi asarar rayuka a haka, galibi matasa masu ji da kansu. In ka ga jar tuta a kafe, ba ta jam'iyya ba ce.

Wannan bayanin ma daga bakin Dakta na Samaru na ji shi. Shi Dakta ba kallon teku ya zo ba, gabatar da shi ya zo yi. Da ya sami mutum uku a tsaye, aji ya cika. Zai gaya maka cewa a kowace lita ta ruwan nan akwai gishiri wajen giram 35, cewa wata ne ke jan ruwan ya cika ya janye sau biyu a yini, cewa gaɓar Nijeriya gaba ɗaya kilomita 853 ce. Sai ya gyara tabarau ya shiga tarihin Bar Beach: yadda Turawa suka fara gina katangun dutse a bakin mashigar jiragen ruwa tun wajen 1908, katangun suka tare yashin da ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas, gaɓar Victoria Island ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cinta shekara da shekaru har yana hawowa kan titi. Sunan titin kuwa Ahmadu Bello Way, kuma a daidai nan Dakta yakan dakata ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, don mu gane cewa ko a Legas sunan jami'arsa ne a bakin daga. A filin Bar Beach ne aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970, ciki har da Oyenusi a 1971. Yau babu Bar Beach ɗin. An cike wurin da yashi an kafa Eko Atlantic a kai. Duk gaskiya ce, kuma duk da daɗin ji in da ba a tsakar rana ba ne. Ya rufe da, "Akwai mai tambaya?" Wani ɗalibi daga baya ya ɗaga hannu: "Yallaɓai, yaushe za a ci abinci?"

Shi ma Dakta, in ka duba ƙasa, bai cire takalmi ba.

Ɗan kasuwar Sabon Gari tun daga ƙofa ransa ya ɓaci. "Tekun ma na wani ne? Shi ya haƙa?" Ya biya dai, bayan ya nemi ragi bai samu ba. Da ya shiga kuma sai idonsa ya buɗe, amma ba a kan ruwa ba. Yashi yake kallo. Ya duƙa ya damƙa, ya murza, ya saki a hankali, leɓensa na motsi: tifa nawa ke kwance a nan, nawa ake sayar da tifa a Zariya, nawa ne kuɗin man dawowa. Sai da Dakta ya gaya masa yashin teku gishiri gare shi, yana cin rodi, sa'an nan ya karkaɗe hannu cikin takaici. Ya koma kan kwakwa: nawa ɗaya a nan, nawa a Badagiri inda itatuwanta suka yi layi a bakin ruwa, nawa za ta kama in ta iso PZ a Zariya. Daga nan ya hau tsintar ɓawon dodon koɗi yana neman wuri a ciki, don ya ji kakanninsa da wuri suka yi arziki. Haka ne, sai dai wurin da aka yi ciniki da shi a Zazzau da Kano ba daga wannan gaɓa ya fito ba. Daga tsibiran Maldives da gaɓar Zanzibar aka riƙa jigilarsa, kuma lokacin da Baturen nan Barth ya zo Kano a 1851, sai ka ƙirga 2,500 kafin a ba ka dalar azurfa ɗaya. Ya yi shiru yana lissafi, ya ce, "To ai ɗan dako ne ya ci ribar." Abokan wasanmu Kanawa kada su yi dariya, nasu da buhu yake zuwa.

Hajiya kuwa da jarka ta zo. Ba ɗaya ba. Tun kafin ta baro Hanwa maƙwabta suka yi ta sallama: wannan ƙafa ke damunta, wannan ɗanta ke firgita da dare, wannan dai a ɗebo mata ko na tsaraba ne. An ce ruwan teku magani ne, wanda ya ce ɗin kuma ba a san shi ba. Ba ta shiga da kanta, ta tsaya a inda yashi ya fara danshi, ta tattare zani, ta tura ƙaramin cikin tawagar: "Kai ɗan nan, matsa ciki, na bakin nan duk an taka." Ta ɗanɗana da ɗan yatsa, ta yamutsa fuska, ta ce lallai wannan zai yi aiki. A hanyar dawowa murfin jarka ɗaya zai kwance a bayan mota, ya jiƙa atamfofin da ta saro a Balogun, kuma har a iso Kaduna ba wanda zai sake jin wata magana sai wannan.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne Malam. Shi fatawa ta kawo shi, ko ba a tambaya ba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ya yi kuwa a gaban kowa don a gani, ko da yake wajen kurkurar baki an lura bai cika uku ba. Dabbobin cikinsa duk halal ne a mazhabar Malikiyya, har kaguwa, har jatan lande. Sai aka kawo faranti an gasa su da barkono, ƙafafu a miƙe, idanu a waje. "Allah gafarta Malam, bismilla." Ya dubi farantin, farantin ya dube shi. Ya ce halaccin abu daban, wajabcinsa daban, a nemo masa burodi.

Babbar jarrabawarsa dai ba a faranti take ba. Mutanen bakin teku ba su cika wahalar da tela ba, don haka Malam tun da ya shigo ya kafe idonsa a ƙasa, yana tafe yana istigfari. Ikon Allah, ta haka ya zama shi kaɗai ya ga abin da ke wurin. Shi ya ga ƙananan kaguwa masu launin yashi da ke gudu a karkace su faɗa rami kafin ka ƙifta ido. Shi ya ga tsuntsayen nan masu siraran ƙafafu da ke bin igiya in ta koma, su tsere in ta dawo. Shi ya lura da ciyawa mai yaɗo da ke riƙe tudun yashi, da tarin robobi da ledoji da ruwa ya amayo, har ya ce wasunsu kamannin na kwatar unguwarmu gare su. Da aka dawo, in kana son labarin teku na gaskiya, wurin Malam za ka, sai dai labarin bai wuce tsayin idon sawu ba.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai mai hoto, wanda ya juya wa teku baya tun isowarsa har tafiyarsa, bai gan shi ba sai a cikin waya. Akwai Alhajin da ya taɓa tsayawa a gaɓar Bahar Maliya a Jidda ya ga ruwan nan da ake harbawa sama fiye da mita 300, don haka duk abin da aka nuna masa sai ya taɓe baki ya ce, "Ai ba ku ga na Jidda ba." Akwai ɗan gidan sarauta da ya hango dawakan haya a kan yashi, ya je ya duba haƙori ya duba kofato, ya girgiza kai ya ce wannan ko a bayan 'yan zage ba za a bar shi ya bi Hawan Daushe ba, mai dokin ya amsa masa da Hausa garau, aka ƙare da tambayar mutanen gida. Akwai wanda aka ce za a je Tarkwa Bay, ya yi ta murna, sai da ya ji ba a zuwa sai ta kwale-kwale ya tuna yana da baƙo.

Akwai kuma mai surutun da ya yi tsit a Badagiri. An tsallaka da shi tsibirin Gberefu, an bi da shi hanyar yashin da bayi suka taka zuwa jirgi, aka gaya masa a cikin waɗanda aka kwashe ta wannan gaɓa akwai Hausawa, waɗanda suka yi ta yunƙurin bore a Bahia ta Brazil tsakanin 1807 da 1814. Shi ban sami abin dariya a kansa ba.

Amma gwanin gwanaye, wanda ba a kai shi, shi ne mazaunin Agege. Ya shekara aru-aru a Legas, ya san kowane lungu daga Idi-Araba zuwa Obalende, ya san inda ake tuwon masara da miyar kuka na ƙwarai, bai taɓa taka bakin teku ba. Kullum ana shirin zuwa, kullum kasuwa ta hana. In ya zo gida hutun Sallah kuwa, ya zauna a teburin mai shayi a Hanwa, shi ne hukuma. Shi zai ba da labarin kifin da ya haɗiye kwale-kwale, da matar ruwa mai gashi har gadon baya da ke fitowa ranar Juma'a, da igiyar da ta kai tsayin dutsen Kufena. Wani yaro da bai san ladabi ba, wanda makarantarsu ta kai su bara, ya ce, "Baba, wane bakin tekun ka fi zuwa, Elegushi ko Oniru?"

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya dubi yaron sama da ƙasa.

"Kai ɗan wa ye a unguwar nan?"