Masu Hura wa Tiyo Wuta a Zango

Tiyon jan ƙarfe ba shi da yawa a unguwar Zango ta Damagaram. Roba ce ke kai ruwa yawancin gidaje, ranar da akwai ruwan. Jan ƙarfe sai a bayan firigo, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko wani tsohon gida irin namu, inda muka gaji guntu guda, kamu biyu, a bangon makewayi. A dalilin wannan guntun na san halin mutane.

Aikin kansa ba wani tashin hankali ba ne. A kankare bakin tiyo har ya yi ƙyalli, a shafa masa mai, a gasa, a ɗora dalma ta narke ta bi gaɓar. Dalma tana narkewa wajen digiri 200, jan ƙarfe kuwa sai 1,085. Tsakanin nan akwai fili mai faɗi, amma kowa da inda yake faɗawa rami.

Na fari shi ne mai 'yar gwangwani. Shalimo ɗinsa, wato abin hura wutar, ɗan ƙarami ne, daga kasuwar Dole ya sayo, yana ɗaura shi a kan gwangwanin gas mai giram 190. Duk cikinsu shi ya fi araha, kuma a ganina shi ya fi gaskiya, don wutarsa ta ishi dalma har da saura. Aibinsa ɗaya, rawar kai. Gas ɗin nan ruwa ne a cikin gwangwani, in ka kifa shi sai wuta ta yi tsalle kamu guda. Shi ya sa ba sai ya gaya maka sana'arsa ba: dubi girarsa ta dama. In hunturu na kaɗawa kuma, ɗan gidanka zai tsaya masa da faifai yana kare iska, kyauta.

Sai mai kabayit, tsohon mai gyaran firigo. Ba ya zuwa shi kaɗai. Amalanke ke biyo shi da tulun iska da tukunyar da yake zuba wa ruwa ta yi ta tafasa tana wari kamar tafarnuwa. Wutarsa ta haura digiri 3,000. A kan firigo, da sandar walda mai tauri, gwani ne, ban musa ba. A kan tiyon ruwa kuwa, an kira mahauci ne ya yanke wa jariri farce. Ya ɗaure fuska, ya saukar da baƙin tabarau, kafin ka ce kwabo ɗan tsagi ya zama taga. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ƙarfen yanzu ba ƙarfe ba ne." Tiyon ya girmi ubansa.

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tulun gas ya shiga madafan Damagaram, sai ga wani sabon iri: mai zuwa da tiyon roba da kan shalimo kawai. Wuta fa? "Maigida, a ɗan ara mana na uwargida, minti biyar." Minti biyar ɗinsa daga hantsi ne zuwa la'asar. Kuɗin aikinsa kaɗan ne, amma ka haɗa da na abincin rana da za ka sayo a titi, da gaisuwar da ba za a amsa maka ba kwana biyu.

Baba maƙeri ya fi su asali. Kafin ya dubi tiyo sai ya tuna maka cewa a garin nan aka ƙera wa Sarki Tanimu igwa, da gawayi da zugazugi, ba da kwalba ba. Ba ƙarya ya yi ba. Ya iya gasa ƙarfe a gawayi ya liƙe buta ta shekara goma ba ɗigo. Matsalar ita ce maƙera ba ta tashi, tiyo kuma yana manne da bango. Shawararsa: "Ɗana, a fasa bangon a kawo mini shi."

Mai robar taya ba ruwansa da wuta. Ya naɗe, ya ɗaure, ya karɓi kuɗin goro, ya hau kabu-kabu. Mako mai zuwa za ku gaisa.

Dukansu sun yarda da abu guda: ɗigon ruwa a cikin tiyo yana shanye zafi, dalma ta ƙi kamawa. A wasu ƙasashe har burodi ake cusawa ya tare ruwan. Mu nan Allah ya hutar da mu, pampo a bushe yake wuni, sai dai kuma ba mai iya gwada aikinsa a gabanka. Mai 'yar gwangwani na ba wa aikin tiyonmu a ƙarshe, bayan na rage masa ɗari biyar. Ruwa ya zo ƙarfe uku na dare, na fita da fitila da bokiti. Gaɓar da ya liƙe a bushe take ƙayau. Ta kusa da ita ce ke feshi, wadda mai kabayit ya taɓa yi wa aiki.