Ɗan Fillo ya ɗaura akayau a Ingila

Bawana Ɗan Fillo, labarinka ya iso mu har Maiduguri. An tura ka Okisfod neman ilimi, sai ga hotonka cikin farin wando, ƙwauri ɗaure da ƙananan ƙararrawa, kana dirkar tsalle a tsakiyar Turawa. Wai rawar Moris! Ban ga laifinka ba, Bafulatani in ya ga sanda ai hankalinsa ya tafi kiwo. Amma tunda in ka karye ni ubangidanka ke da asara, buɗe kunne.

Wannan fa ba sharo ba ne. Irin ta yankin Kotswol da ka shiga, mutum shida ake jerawa sahu biyu, fuska da fuska, kuma sanda ake duka da sanda. Kada ka buɗe ƙirji kana murmushi kana jiran bulala, kada kuma ka ce sai ka rama. Inda aka ce ka tare, riƙe sandar ta baki biyu ka bar tsakiya fili, in ba haka ba gaɓoɓin yatsunka su sha. Kafin a fara ka shafa ta ka duba. Mai sartse ko wadda ta soma tsagewa a ajiye ta, don in ta karye ɓallin ido yake nema. Taka ta kiwo kuwa, bar ta a bayan ƙofa.

Sai ƙafa. A kan kwalta ake wannan tsalle, ba kan yashin mashekari ba. Yar da takalmin robar nan ka sayi mai taushin ƙasa, ka miƙe jijiyoyi kafin kiɗa ya tashi, gwiwa da agara ba su san jarumta ba. Da so samu ne ma ka fara da rawar hankici, ba a taɓa jin ƙyalle ya fasa kai ba. Ta takubba kuwa, wadda masu haƙar kwal na arewa maso gabashin Ingila suka gada, ko kallonta kada ka yi.

Tun 1448 aka rubuta an biya masu rawar Moris a Landan. Ta rayu fiye da shekara 500, don Allah kada ta mutu a hannunka. In an tashi aka nufi mashaya, kai dai nemi madararka.

Ranar 1 ga Mayu da asuba za ku fito tituna, a ɗauko mini bidiyo. Ka haɗo da kuɗin sharata na bana, kuma da fam nake so.