Jikan Sarkin Baka a Dajin Tenesi

Bakina ne ya jawo min, ba kowa ba. Muna cin abincin rana a sito ɗin da nake aiki a gefen birnin Noksbil, jihar Tenesi, cikin watan Disamba na 2019, sai wani abokin aikina mai suna Tarabis ya zaro waya yana nuna wa mutane hoton kare, da irin fuskar da mutum kan yi in yana nuna ɗansa na fari. Ban san lokacin da na ce ai mu farauta gadon gidanmu ce ba, kakana Sarkin Baka ne, a cikin karnuka da kwari da baka na buɗe ido.

Kakana tela ne a Fagge, Allah Ya jiƙansa. Farautar da na taɓa yi a duniya ita ce ranar da muka tura wa gafiya hayaƙi a bayan makarantar allo, aka sa ni gadin rami ɗaya, ta kuwa fito ta nan. Ita ta yi gabas, ni na yi yamma, kuma na fi ta nisa.

Tarabis ya ce, "Faɗuwa ta zo daidai da zama. Daren Asabar za mu fita rakun ni da kawuna. Ka je ka yanki lasisi."

Rakun dabba ce da babu ita a wajenmu. Ta fi ƙosasshen muzuru girma, gashinta toka-toka, wutsiyarta da zobba baƙaƙe, ga baƙin zane ya ratsa idanunta kamar wadda ta rambaɗa kwalli a cikin duhu. Yatsu biyar gare ta a hannu, tana buɗe murfin kwandon shara, ta ɓare masara a gona, ta laluba cikin rafi ta kamo kwaɗo. Da dare take yawo. Tun 1971 majalisar Tenesi ta naɗa ta dabbar dawa ta jiha, amma sarautar ba ta hana a bi ta da karnuka ba.

Daren Juma'a na kira gida. Na ce, "Umma, gobe zan je farautar rakun." Layin yana ta katsewa. Ta ce, "Raƙumi? Ikon Allah! Su raƙuman can ba su da masu su ne?" Kafin in gyara mata, waya ta yanke. Na ce in na dawo na yi mata bayani.

Kawun Tarabis, wanda kowa ke kira Bak, dogon tsoho ne, magana ba ta dame shi ba. Ya zo da wata a-kori-kura da ta ga jiya ta ga yau, da akwatin karnuka a bayanta. Karnuka uku ne. Biyu irin da suke kira Woka, farare masu dabbare-dabbaren baƙi da ja, sai wata tsohuwar karya irin Bulutik, mai ɗigo-ɗigo shuɗi-shuɗi, kunnuwanta sun zubo kamar ganyen gwaza. Sunanta Bel. Kowanne da na'ura a wuya mai nuna inda yake a wani ɗan allo da tsohon ke riƙe da shi. Tarabis ya raɗa min cewa an taɓa taya Bel kuɗin da ya fi na motar, kawu ya ce albarka. Na sunkuya don in nuna ni ma ɗan gado ne, Bel ta miƙe ta lashe ni tun daga haɓa har goshi. Na yi murmushin yaƙe, a zuci kuwa ina lissafin wanki bakwai.

Su sun sa takalman roba har cinya, da hula mai fitila a goshi. Ni na zo da sabon kambas fari da rigar sanyi ta zuwa ofis. Kawu Bak ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo min buhu da aron fitila. Bindiga dai, wata 'yar siririya mai lamba .22, ba a ko nuna min inda take ba.

Na ɗauka farauta gudu ce da ihu da kirari, irin ta mutanenmu. Ashe a nan tsayuwa ce. Aka saki karnuka a bakin wani rafi, aka kashe fitilu, muka tsaya cirko-cirko cikin duhu, sanyi yana shiga ta ƙafa yana fita ta haƙori. Can sai wani dogon kuka ya taso daga ƙasan kwari, mai kauri, kamar ana kiran wanda ya ɓata. Kawu Bak ya ce a hankali, "Bel ke nan. Ta sami sawu, amma ya riga ya yi sanyi, tun magariba ya wuce ta nan." Daga kuka ɗaya ya san wannan. Yana iya gaya maka wane kare ne a gaba, wane ne ke bin bayan 'yan uwa don kada a ce bai yi aiki ba, da lokacin da rakun ya shiga ruwa don ya ɓatar da ƙanshinsa. In dabbar ta gaji ta haye bishiya, sai muryar karnuka ta sauya, dogon kuka ya koma gajeru a jere, kamar ana faskare. Wannan sauyin ake jira.

Ni duk haushi nake ji. Amma jikan Sarkin Baka ba ya tsayawa shiru, don haka da na ji wani gajeren haushi daga hagu sai na ɗaga yatsa na ce, "Ya hau bishiya." Tsohon ya saurara, ya ce, "Wancan karen gidan maƙwabci ne, ɗaure yake a baranda."

Da suka hau bishiyar da gaske, tafiyar kusan kilomita guda ce, kuma ba a bin hanya, muryar kare ake bi. Na tsallaka rafi da ƙafa ɗaya, ɗayar ta zauna a ciki. Wayar shinge ta karɓi rabonta a wandona, ƙayar daji ta karɓi saura. Muka isa muka tarar da karnuka sun kafa ƙafafun gaba a jikin wani ƙaton icce suna ta yi. Aka haska sama aka haska ƙasa, babu komai sai wani kogo can sama. Rakun ya shige gidansa. Kawu Bak ya shafa kan Bel ya ce ta yi gaskiya, wanda ya isa gida kuwa an bar shi ke nan. Aka ja karnuka aka sake gaba.

A saki na biyu ne ƙaramin karen, Dyuk, ya ware shi kaɗai, yana haushi kusa da ni. Na ga dama ta samu. Na zame ba tare da na gaya wa kowa ba, na kunna fitila, sai ga dabba a ƙasa, a fili, mai wutsiya buzu-buzu. Baƙa ce da farin zane biyu a gadon baya, amma na ce wataƙila rakun ma kala-kala ne, kamar awaki. Ba ta gudu ba. Ta buga ƙafafun gaba a ƙasa, ta ɗaga wutsiya, ta juyo min da baya. Na ce a raina, ka ga tsoro, ko ido ba ta iya haɗawa da ni. Na buɗe bakin buhu na matsa.

Na ji Tarabis daga nesa yana kurma ihu, "Gudu! Gudu!"

Wanda ya san bodari a dajinmu, to wannan yayansa ne wanda ya yi karatu a waje. Ba wari ba ne irin wanda hanci ke ji kawai. Ɗaci ne a harshe, yaji a ido, ƙonanniyar taya da ruɓaɓɓiyar albasa da tafarnuwa a tukunya ɗaya. Na ranta a na kare, amma ina za ka gudu, abin a jikinka yake? Dyuk ya sami nasa kason, yana ta birgima yana goga fuska a ganye. Ni da shi muka dubi juna, kowa ya san ɗan uwansa ya ba da maza.

Kawu Bak bai yi dariya ba, wannan ya fi min ciwo. Cewa ya yi kawai, "Ka riƙa tsayawa ta inda iska ke tafiya." Haka na ƙarasa farautar daga nesa, kamar mai ƙyanda. Daga can na hango yadda ake yi: karnuka a gindin bishiya, tsohon ya busa wani ɗan usur mai kukan rakun da ke faɗa, abin da ke sama ya leƙo don ya ga wa ake duka, idanunsa suka ƙyalla cikin fitila kamar garwashi biyu. Harbi ɗaya. Biyu aka samu a daren. Da za mu koma, aka ce gaban mota ya cika, alhali mutum uku ya ɗauko da zuwa. Na zauna a baya kusa da akwatin karnuka, Bel da ta lashe ni ɗazu ta juya min ƙeya.

A bayan gidan Kawu Bak suka haɗa min ruwan haidirojin na wanke ciwo da garin soda da sabulun wanke kwanuka. Na tambaya ko gaskiya ne ruwan tumatir na maganin abin. Tsohon ya ce, "Sai dai ka koma bodari da miya."

Washegari na dawo da niyyar wanke kaina, don fiɗa dai na san ta. Ba Babbar Sallar da ta wuce ban riƙe wa mahauci ƙafar rago ba. Aka shiga rumfar da Kawu Bak yake gyaran fatu, aka ba ni safar hannu ta roba saboda cututtukan da dabbar kan ɗauka, sai waya ta kira Kawu Bak cikin gida, Tarabis kuma ya tafi ba karnuka abinci. Na ce bari su dawo su tarar da aiki. Na rataye ɗaya daga cikin rakun biyun nan, na sa wuƙa daga maƙogwaro na tsarge har ƙasa, na buɗe ƙafafu huɗu, na salluɓe fata, na shimfiɗa ta a kan tebur kamar buzu. Na ga buhun gishiri a lungu, wanda ashe na narkar da ƙanƙarar ƙofar gida ne, na barbaɗa mata ba rowa. Wutsiyar ta tsinke a hannuna, na ajiye ta a gefe da kyau.

Tsohon ya shigo da kofin gahawa. Ya daɗe yana kallon tebur. Sannan ya ce, "A garinku haka kakan naka yake yi?" A nan ido ya raina fata, ta kowace fuska.

Ya ɗauki ɗayan ya nuna min. Ba a tsaga cikin rakun. Ana rataye shi ta ƙafar baya, a yanka daga wannan dunduniya zuwa waccan ta ƙarƙashin wutsiya, a zare ƙashin wutsiyar da wani ɗan maƙali, sannan a ja fatar ƙasa gaba ɗaya kamar ana tuɓe safa, a lallaba wajen kunnuwa da idanu da hanci. Sai ta fito kamar jaka, gashi a ciki. Daga nan a zura ta a wani gungume mai santsi, a tokare shi da ciki, a sa wuƙa mai mariƙi biyu ana turawa ƙasa ana kankare kitse. Rakun na hunturu kitse ne zalla, yana naɗowa fari fat kamar man shanu, kuma in ka bar shi fatar za ta lalace, in ka matsa hannu ka huda ta. Bayan nan a sa ta a allon katako mai siffar harshe, a kafe da ƙananan ƙusoshi, a tsaga wutsiya a buɗe ta, a rataye a wuri mai sanyi da iska kamar mako guda, ana goge man da ke tsatsowa. Ba gishiri, ba rana, ba bagaruwa. Jima aikin wasu ne can gaba. Na karɓi wuƙar kankara don in gwada a gefen wuya, turawa biyu na yi mata taga.

Yana aiki yana ba ni labari, ranar ce na ji ya yi magana mai tsawo. A shekarun 1920 'yan jami'a a Amurka ba su cika gaye ba sai da doguwar rigar gashin rakun. A 1954 da 1955 kamfanin Disney ya nuna wasan Debi Kuroket, ɗan gabashin Tenesi ɗin nan, a talabijin, yaran ƙasar kaf suka tashi sai an saya musu hular rakun mai wutsiya a ƙeya. Shi kuma a ƙarshen shekarun 1970, in ji shi, fatun hunturu biyu suka saya masa motarsa ta farko. A lokacin da yake ba ni labarin kuwa, masu sayen suna Rasha da Sin, kasuwar ta faɗi, babban kamfanin gwanjon fatu na Toronto ma ya durƙushe a wannan shekarar ta 2019. Ga shi fatar kudu ba ta kai ta jihohin arewa irin su Minesota kauri ba, don sanyin can ya fi.

Cikin Janairu dillalin fatu ya zo da motarsa, ya tsaya a filin wani kantin kayan noma, mafarauta suka yi layi. Yana auna tsawo, ya leƙa gashin ta ƙasa, ya jefa wannan tuli ko wancan. Fatu ashirin da ɗaya na Kawu Bak, kuɗinsu duka bai cika tankin a-kori-kura sau biyu ba. Tsohon ya karɓa ya soke a aljihu bai ƙirga ba. Na ce masa, "Kawu, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba." Ya ce shi muryar Bel yake fita ji, fata kuwa don kada a yi asarar dabbar ne. Ya ce akwai maƙabarta a arewacin Alabama da ba a binne kowa sai karen rakun, tun 1937 da wani mafarauci Key Underwood ya binne karensa Troop a wurin, kuma in ranar Bel ta zo, can zai kai ta ko da turin motar zai yi.

Sai aka zo kaina. Na warware tawa daga jarida, ta bushe ta ƙandare kamar ganda, gishiri na zuba, wutsiya a leda daban. Dillalin ya juya ta gaba da baya, ya tambayi Tarabis a wane titi aka tsince ta. Ya ce ba zai saya ba, amma in ina so zai jefar min kyauta. Na lissafa lasisi da kambas da wando da rigar ofis da aka ƙone, na naɗe abata na koma da ita gida.

A daren Umma ta kira. Ta ce unguwa duk ta ji, har an yi min addu'a a gidan suna. Baffa Sani ya ce a ajiye masa tozo, Malam kuma yana tambaya ko fatar za ta isa shimfiɗar zaure. Na dubi abin da ke kan teburina, bai fi murfin kwano ba.

Na ce, "Umma, ai ƙarami ne. Jariri ne ma."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Habu, ka ji tsoron Allah. Uwar tana ina lokacin?"