Ranar da Motata Ta Gaida Surukina

Har yanzu da nake wannan rubutu warin gas bai bar hancina ba, matata kuma ba ta daina dariya ba, ko da yake ta rantse kuka take yi.

Maganar a taƙaice ita ce, na sayi Mercedes 190D ƙirar 1991, 'yar Kwatano, mai shan gas, saboda an ce mini irin wannan inji sai dai mai shi ya mutu ya bar shi. A Birnin Kebbi cikin rumfa take kwana, sai rana ta ɗaga nake tayar da ita, lafiyarta lau. Da surukina ya ce zai je ɗaurin aure Argungu ranar Asabar, na yi caraf na ce ai ga mota. Tun daren Juma'a na kai ta Ambursa na girke a ƙofar gidansa don unguwa ta gani. Nan ta kwana a fili, iskar Janairu tana tasowa daga fadamar Rima tana dukanta har asuba.

Gari na wayewa Baba ya fito cikin farar shadda sabuwa dal, babbar riga mai aiki, tana ɗaukar ido. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa gidan gaba. Na murɗa makulli, na jira 'yar fitilar hita ta mutu, na ba ta kik. Ta yi tari, ta kama. Daga nan sai rawa. Sitiyari na karkarwa, madubi na karkarwa, hular Baba tana gangarowa a hankali har ta rufe masa gira. Ya fara addu'ar tafiya, muryarsa na fita gutsure-gutsure. Ta baya kuwa farin hayaƙi mai yaji ya lulluɓe teburin mai shayi da mutanensa.

Daga cikin hayaƙin nan wani tsoho mai tallar goro ya ɓullo, ƙudundune cikin bargo. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya kanga kunne a bonet.

"Yaro, wagga mota ɗari ta ji. Aje ta ga rana, a luɓa mata bargo."

Na ce, "Baba, ai rana ba ta fito ba."

"To a zuba mata kanwa ga lagireto. In ta ƙiya, a daka citta. Ai ko jirgin alhazai da ka tashi hilinmu na Ambursa sai an ɗumama shi. Buɗe in ga hulogi nata."

Na buɗe bonet, na shiga yi masa bayani, ina ɗaga murya don surukina ya ji ya san 'yarsa ba a hannun jahili take ba. Na ce injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsewa, a irin wannan motar har ninki 22, sai ta yi zafin da in nozul ya fesa gas zai kama da kansa. In ƙarfen inji ya yi sanyi sai ya shanye zafin, shi ya sa aka yi masa hita. Har na ƙara da cewa tun 1897 da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar da injinsa ake tafiya a haka.

Tsoho ya tauna goro ya ce, "Shi wanga Bature, ya taɓa kwana Ambursa cikin ɗari?"

Na ce a'a.

"To ka ji." Ya leƙa injin, ya lalube nan, ya lalube can, ya ɗago da fuskar ta'aziyya. "Babu hulogi ko guda. Yaro, an cuce ka. Can Kwatano anka sace su."

'Yan teburin shayi suka ɗauki salati. Wani ma ya ce haka aka yi wa ƙanen matarsa.

Na koma mazaunina ina gumi cikin wannan sanyi. Abin da ban lura ba, Baba ya gaji da jijjiga, kuma irin kunyar da ke tsakaninmu ba za ta bar shi ya ce mini kashe ta ba. Sai ya sulale ya fita, ya zaga baya don ya ga inda hayaƙin ke fitowa. Ya tattare babbar riga, ya sunkuya daidai bakin salansa. A daidai lokacin tsohon nan ya buga rufin mota da tafin hannu ya daka tsawa:

"Majina ta! Ba ta wuta ta hyace!"

Ƙafata ba ta yi shawara da ni ba. Ta take totur har ƙasa.

Na ji ƙara, fuuut! Na kalli kujerar gefe, babu kowa. Na kalli madubi, wanda a karon farko tun safe ya tsaya cak, kamar da gangan, don in gani da kyau. Baƙin gajimare ne ya tashi, ya yi sama, ya baje. Da ya washe sai ga mutum a tsaye. Na san hular. Na san takalmin. Abin da ke tsakaninsu ne ban gane ba.

Tun ranar nake maimaita hoton nan a raina, kullum kuma sai na ga sabon abu. Shaddar, daga wuya zuwa gwiwa, ta koma baƙa mai ɗigo-ɗigon maiƙo. Aikin zaren ƙirjin ya fito raɗau, don toka ta shiga kowane lungu nasa. Furfurar gemun da Baba ya yi shekaru yana tarawa ta tafi a daƙiƙa guda, ya koma saurayi. Hannunsa na dama har lokacin yana riƙe da gefen riga, ya ɗage ta don kada ta taɓa ƙasa ta yi datti. Wannan hannun shi ya fi kashe ni.

Mai shayi ya tsaya da buta a sama, shayi na zuba a ƙasa. Wani yaro da ya fito sayen ƙosai ya tambaya ko baƙo aka yi. Ni kuwa na fito na zube, bakina ya kasa haɗa "Baba" da "haƙuri". Ya buɗe ido, farare tas, ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Madalla. Mun gaisa."

Sai tsoho ya ɗaga yatsa. "Ku saurara!" Muka saurara. Inji ya ɗauki zafi, silo ya daidaita, tana kaɗawa sumul, ko ƙwayar hayaƙi babu. "Kun gani? Ta hyace." Ya miƙo hannu na ba shi na goro.

Baba ya shiga gida ya sake kaya, ya hau kabu-kabu zuwa bakin titi, ya shiga motar haya. Na bi bayansu da mota wayam har Argungu, ko atishawa ba ta yi ba.

Da na kai ta gareji a Birnin Kebbi, bakanike bai taɓa sifana ba sai da ya yi tambaya biyu: in ta yi zafi tana ci gaba da rawar? Wane irin hayaƙi take yi da farko? Ya ce farin hayaƙi mai yaji gas ne da bai ƙone ba, shuɗi baƙin mai ne, baƙi kuma gas ya fi iska yawa. In rawar ba ta tafiya da zafi, a nemi nozul ko gurɓataccen gas na 'yan bumburutu. Ya sa farar tiyo a layin mai ya ga babu kumfar iska, ya juye filta babu ruwa. Sannan ya cire wayar hita, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da 'yar fitilar gwaji daga batir. Cikin huɗu, biyu sun mutu, watau silinda biyu ke barci kowace safiya. Abin da ya wanke Baba kuwa tsohuwar toka ce da ta daɗe tana taruwa a salansa.

Na ɗauki matattun hitocin a leda na nufi Ambursa ban haƙuri, da sabuwar shadda yadi goma a hammata. Tsohon yana nan a teburin shayi. Ya karɓi ɗaya, ya jujjuya ta, ya nuna wa jama'a.

"Mi nac ce muku? Hulogi na! Ɓarayin sun ji tsoron Allah sun maido biyu."