Shataletale, Inda Kunyarmu Take Ƙarewa

Mu dai mutane ne masu kara, wannan ko maƙiyinmu ya shaida. A ƙofar masallaci sai ka ga dattawa biyu sun toge, wannan yana "Bismillah, Alhaji," wancan yana "A'a wallahi, kai ne babba," har liman ya kusa tayar da kabbara. A kwanon tuwo kuwa tsokar ƙarshe sai ta sandare, kowa yana tura wa ɗan'uwansa. To amma ɗauki dattawan nan biyu, ka damƙa wa kowanne sitiyari, ka haɗa su a shataletale. Sai ka rantse shari'ar gadon gona ce tsakaninsu tun kaka da kakanni.

Dokar kuwa ba wata mai wuya ba ce, a numfashi ɗaya ake faɗinta. Wanda ya riga ya shiga shataletale shi ke da hannu. Kai mai shigowa ka rage wuta, ka dubi hagunka, in ya wuce ka shiga ta dama ka zagaya, in ka zo fita ka kunna siginar dama. Shi ke nan. Duk mun sani, har muna koya wa yaranmu a falo. Sai dai muna da tamu dokar da ba a taɓa bugawa a littafi ba, wato dokar hanci: wanda ya riga cusa hancin motarsa, hanya tasa ce. Sharaɗinta guda, kada ku haɗa ido. In ka kuskura ka kalli mutum, kunya za ta kama ka, kuma mai kunya a shataletale a nan zai yi sallar magariba. Shi ya sa za ka ga kowa ya ƙanƙame sitiyari, ya kafe ido gaba kamar mai hangen watan Sallah.

Bayan hanci sai girman jiki, don gaba da gabanta. Mai tifa ba ya tambaya, mai tirela ba ya neman izini. Mai jif mai baƙin gilashi yana jin kansa, amma da ya hango tsohuwar akwala wadda jikinta duk lotsa, sai ka ga ya nutsu ya ba da hanya, don wanda ba shi da abin asara shi ne sarkin titi. Ɗan sahu kuwa, Allah Ya shirye mu da shi, ba shi ke yanke shawarar kwana ba, yatsan fasinja ne. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ya gaji titin, ya gaji halin ma. Muna zaginsa in muna cikin motarmu, amma ranar da ta kwana a gareji muka hau bayansa, mu ne masu cewa "Malam, ɗan kutsa ta nan mana, sauri nake."

Sigina fa? Malaman tuƙi sun ce madubi tukuna, sai sigina, sannan kwana. Mu mun juya lissafin: sai mun karya kwanar mu kunna ta, kamar mai yin sallama bayan ya zauna a tabarma. Wani ya kunna ta hagu tun daga Kwanar Dangora, har ya shigo gari tana ƙifta ido shi bai sani ba. Wani kuma ba ya kunnawa sam, wai sirri ne, don da ka nuna za ka shiga, na bayanka zai taka wuta ya toshe gurbin. Kuma gaskiyarsa, don ni ma na sha toshewa. Ga kuma bidi'armu mai ban sha'awa: in za mu miƙe a mararraba sai mu kunna siginar duka biyu, wai "ba hagu ba dama," alhali fitilar nan ta motar da ta lalace ce ko ta ga haɗari a gaba.

Danja ma mun yi mata tafsiri. Ruwan ɗorawa na nufin taka da ƙarfi kafin ta yi ja. Kore kuwa, kafin ta gama kamawa na bayanka ya danna oda, kai ka ce barci ya same ka kana yi. Ja tana aiki ne gwargwadon wanda ke tsaye a gindinta. Ba fitilar muke duba ba, rigar ɗan KAROTA mai kula da titunan Kano muke leƙe. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ta wa'azi, mu kuma muna ta gyaɗa kai. Kai, tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama irin na maƙwabtanmu su Nijar da Kamaru, amma in ka ga yadda muke bin wan-we da yamma, sai ka ce har yau sanarwar ba ta iso wasu unguwanni ba. An rushe shataletalen Dangi an yi gadar sama da ta ƙasa don a raba mu faɗa, muka kwashe faɗan muka kai wurin juyawa na gaba.

Rannan ina bayan wasu motoci biyu, suka yi dokar hanci har ƙarfe ya sumbaci ƙarfe. Kowa ya fito yana naɗe hannun babbar riga, "Ka san ko ni wane ne?" Ashe sun san juna, surukai ne ma. Nan take murya ta sauka. "Af, Alhaji, ashe kai ne! Ya iyali? Ya jikin Hajiya?" A tsakiyar shataletale suka gaisa tsaf, har da tambayar mutanen ƙauye. Da suka koma mota kuma sai kara ta dawo, wannan ya miƙo hannu ta taga, "Bismillah, wuce," wancan ya ce, "Haba, ina ni ina shiga gabanka?" Layi ya kai inda ido ba ya gani, oda kamar ana kai amarya. Ni dai da na ga ɗan gurbi ya buɗe a tsakaninsu, sai na kawar da kai, na cusa hanci.