Yadda Ake Shiga SS1 Ba Tare da Kawu Ya Zaɓa wa Yaro Aji Ba

Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawar BECE, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare yakan fito yana taku ɗaiɗai kamar wanda aka naɗa wa rawani. Jakar makaranta ta koma bayan ƙofa, yunifom ya koma ƙasan akwati, shi kuma ya tare a filin ƙwallo. Sarautar ba ta wuce mako biyu. Wata rana bayan sallar isha'i, ana tsakiyar cin tuwo, wani zai ɗaga kai ya ce, "To, shi wannan wane aji zai shiga?" Nan take tsakar gida ta zama majalisa.

Baba likita yake so, don tun ranar suna ya ƙudurta haka a ransa. Inna ba ta ƙi ba, ko ba komai a samu mai auna mata hawan jini ba sai ta bi layin asibiti ba. Kawu, wanda ya shekara shida yana zaryar kotu a kan gonar gado, ya rantse ba abin da dangi suka rasa sai lauya. Yaya mai shago a Kantin Kwari yana cigiyar wanda zai riƙe masa lissafi. Shi kuwa wanda ake taron dominsa, ɗan shekara 14 ko 15, yana gefe yana suɗe kwano, ba wanda ya tambaye shi.

Majalisar tana da dalilin ɗaukar zafi. Tun 1982 da Nijeriya ta kama tsarin 6-3-3-4, sakandare ta rabu gida biyu, kuma a bakin ƙofar gida na biyu ne hanya take yin rassa: ajin kimiyya, wanda yara ke kira sayans, da ajin at na adabi da tarihi da gwamnati, da ajin kamashal na kasuwanci da lissafin kuɗi. A gefe ga kwalejojin fasaha masu rubuta jarrabawar NABTEB, ga makarantun Larabci da addini masu rubuta ta NBAIS. Reshen da yaro ya kama a watan Satumba na bana, shi zai tarar yana jiran sa a shekara ta uku, ranar da ya zauna cike fom ɗin JAMB.

Saboda haka dabarar farko ita ce a fara tafiyar daga ƙarshenta. Kafin kowa ya ɗaga murya, a samo wayar da ke da data, a buɗe shafin JAMB, a duba kundin da ke jera kowane kwas da darussan da yake nema. Jarrabawar shiga jami'a darussa huɗu ce, maki 400, kuma Turanci ya riga ya cinye kujera ɗaya ba tare da neman izinin kowa ba. Saura uku. Mai son likitanci ko haɗa magunguna, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ne nasa. Mai son injiniya, Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin akanta ba shi da makawa daga Lissafi da Ikonomiks. Mai son lauya kuwa, nan ne Kawu zai ajiye loma ya saurara: sai da Adabin Turanci. Duk shekara akan samu ɗalibin da ya yi shekara uku yana gaya wa 'yan unguwa a fara kiran sa Barista, sai a SS3 ya gano bai taɓa zama ajin Adabin ko sau ɗaya ba, wani lokaci ma makarantarsu ba ta da malaminsa. Karatun minti 20 a tsakar gida ya isa ya hana wannan kuka.

Dabara ta biyu tana cikin akwatin Inna, ƙarƙashin atamfofi, inda ake adana takardun sakamako. A fito da na shekara ukun duka, a shimfiɗa su a kan tabarma. Takarda ba ta da kara, ba ta kunyar surukai. Idan makin Lissafi da na kimiyyar farko sun yi zango tara suna rarrafe, na Turanci da Hausa da nazarin zamantakewa kuma suna sukuwa, to takardar ta gama jawabinta. Idan kuma yaron ne ya kwance rediyon Baba har sau biyu don ya ga inda mai labarai yake zaune, ko yarinyar ce ke tsare mai yankan kaza da tambayar ina zuciya ina hanta, wannan ma shaida ce, kuma ta cancanci a saurare ta. Bayan takarda sai a tambayi mai takardar, a bar shi ya gama magana kafin a ce masa "yaro man kaza".

Akwai mashawarta biyu da ya kamata a sallama tun daga zaure. Na farko aboki. Yaro yakan zaɓi aji don kawai amininsa can ya nufa, kuma su biyun sun saba zama benci ɗaya tun firamare. Abota abu ce mai kyau, amma ranar jarrabawa mai sa ido zai raba su, ɗaya gabas ɗaya yamma. Na biyu tsoro. Masu gudun Lissafi sukan ruga ajin at suna haki, suna murna sun tsira, sai ran Litinin da safe su ga malamin Lissafi ya shigo da allinsa yana murmushi. Turanci da Lissafi ba su san bambancin aji ba. Kowa zai zauna jarrabawarsu a WAEC da NECO. Sakamako kuma daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit, D7 da E8 sun wuce da ƙyar amma ba sa buɗe ƙofar jami'a, F9 kuwa ko yara ba sa son a ambace ta da dare. Kiredit biyar ake nema, kuma a darussan da kwas ɗin yake so.

Abin da ya fi ciwo a wannan harka shi ne raini. A makarantu da yawa, masu manyan maki ake kwashewa a zuba a ajin kimiyya, ragowar a ce su je at ko kamashal, kamar ana tsince shinkafa. Yara suna gani, suna kuma haddacewa: ɗan sayans ya riƙa ɗaga kafaɗa da ƙaton littafin Fiziks a hammata ko da bai buɗe shi ba, ɗan at ya riƙa sunkuyar da kai kamar wanda ya ci bashi. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yana tura yaro mai baiwar magana da rubutu ya je ya shekara uku yana kokawa da abin da ba ya shiga kansa, ya fito da D7 jere kamar rumfunan kasuwa. Ita Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, da ta zama mace ta farko a kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012, doka ta karanta. Sanusi Lamido Sanusi Ikonomiks ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya riƙe Babban Bankin Nijeriya daga 2009 zuwa 2014. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, kuma harshe da sanin duniya ne jarin masu aiki a cikinsa. Hausar da yara ke ɗauka darasin hutawa ce, ana yin digiri a kanta har zuwa na uku a Bayero da Zariya da Sakkwato.

Haka nan yaron da ke cika bayan littafinsa da zanen motoci, kada a yi saurin murɗe masa kunne. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta garinsu, ya bi ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors.

Wanda kuma takardarsa da zuciyarsa suka yarda a kan kimiyya, sai a raka shi da addu'a da kuma bincike. Uba ya sa babbar riga ya je makarantar da ƙafarsa, ya gaisa da shugaban makaranta, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini ɗakin gwaje-gwaje." Idan aka ɗauki rabin awa ana neman mabuɗi, aka buɗe ƙofa jemage ya fito, amsa ta samu. WAEC da NECO suna da jarrabawar aikin hannu a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma yaron da bai taɓa ɗiga asid a kwalba yana jiran launin ruwa ya juya ba, hannunsa rawa zai yi ranar da aka miƙa masa kayan. A tambaya kuma ko akwai malamin Fiziks na dindindin, ko kuwa ɗan bautar ƙasa ne da zai ɗaure kayansa kafin shekara ta zagayo. Jihar Kano kuwa ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, inda sai an ci jarrabawa ake shiga, kuma likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito. Sannan ɗan kimiyya ya bar wa kansa ƙofar baya: in makaranta ta ba da dama, ya riƙe Ikonomiks ko Labarin Ƙasa. Kujerun likitanci ƙidayayyu ne a kowace jami'a, masu nema kuwa dubbai.

Ga kuma darasin sana'a, wanda yara kan zaɓa da ido rufe. A sabon tsarin darussa da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025, sana'o'in shida ne: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. A ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba, yaron da ya iya haɗa sola zai fara karɓar kuɗin aiki tun kafin abokansa su karɓi sakamakon JAMB.

Sai maganar suna, wadda ba a yi mata dariya. A duba yadda aka rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa a rajistar NIN, a tabbatar haka makaranta ta rubuta, harafi da harafi. Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk mutum ɗaya ne a wurin Inna, amma mutum uku ne a wurin kwamfuta, kuma JAMB ba ta yin rajista sai da NIN. Gyaran da za a yi cikin sauƙi a SS1, a SS3 sai an haɗa da rantsuwar kotu da zarya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ɗan makarantar kwana ya fara haɗa kaya da wuri: akwatin ƙarfe da kwaɗo mai kyau, bokiti, gidan sauro, tocila, kofi da cokali, sabulu, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, da yaji a kwalba don ceto miyar makaranta. A rubuta suna a jikin komai, har cokalin, domin bokitin makarantar kwana ƙafafu gare shi. Yarinya a haɗa mata da hijaban makaranta da audugar mata wadda za ta kai ta ranar ziyara, kuma Inna ta zauna da ita su yi maganar a fili tun a gida. Na'urar lissafi da akwatin kamfas su shiga jaka kafin kayan ciye-ciye, don su ne aka fi mantawa.

Matsayi ma yana canjawa. A makarantar da ƙarama da babba suke haɗe, ɗan SS1 yakan yi sallama da gajeren wando ya shiga dogo, ya yini yana kallon ƙafarsa. A makarantar da daga SS1 take farawa kuwa, jiya shi ne babba a can, yau shi ne autan gida, mai shara da ɗiban ruwa. Ya gaida siniyoyi, ya yi aikin da doka ta ɗora masa, amma duka da ƙwacen abinci ba sa cikin dokar kowace makaranta. Wanda aka yi wa ya gaya wa malamin gida, in ba a ji ba ya gaya wa iyaye ranar ziyara, su kuma kada su ce masa haka kowa ya sha.

Abu na ƙarshe da yara ba sa yarda da shi har sai sun gani: SS1 ba shekarar hutu ba ce. Makaranta tana tara makin gwaje-gwaje tun daga wannan aji tana tura wa hukumar jarrabawa, kuma tambayoyin WAEC daga manhajar shekara ukun suke fitowa. A jihohi irin su Kano ma akwai jarrabawar tantancewa a SS2, wadda da ita gwamnati ke zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Makonnin farko ne kuma kaɗai lokacin sauya aji cikin sauƙi. Yaron da ya yi wata guda a ajin Kemistiri yana jin kamar da wani yare ake magana, ya nemi malami ya ƙara masa bayani, ya gwada da gaske. Idan har tsakiyar zango abin bai motsa ba, alhali yana wucewa ta tagar ajin Gwamnati ƙafarsa na tsayawa da kanta, ya je ofishin mataimakin shugaban makaranta tun rajista ba ta yi nisa ba, sannan ya samu Baba bayan sallar magariba, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina da magana."

Kawu kuma a aika masa da goro da bayani. Akwai ƙanwar yaron a JSS1, wadda tun yanzu ba a cin ta a gardama, kuma ta riga ta tambayi yayanta ko Adabin Turanci yana da wuya.