Kishiyarki ta hau tudu, Kaka

Marmaris, Turkiyya

Zuwa ga uwargidata Hajiya Kaka,

Ya ƙafar nan da ke matsa miki idan hunturu ya kama? Labari ya iske ni wai kin yi fushi, kin ce tun da na shiga aikin jirgin ruwa na yi miki kishiya. To ki huce, jiya aka ciro ta daga teku, ba za ta sake taɓa ruwa ba sai watan Afrilu.

Tun watan Mayu muke bin gaɓar Bahar Rum, daga Bodrum muka gangara har Finike, muka juyo. Jirgin namu iska ce abincinsa: dogon ƙarfe a tsakiya, manyan filafilai biyu na yadi, inji kuwa sai za a shiga tasha ko iska ta ɗauke. Iskar bazararsu sunanta meltem, daga arewa maso yamma take zuwa. Da hantsi shiru, azahar na yi ta tashi, kafin la'asar ta cika fam, da magariba ta kwanta. A tafiya tana bayanmu, daɗi ke nan. A dawowa kuwa gaba da gaba muka yi da ita, kuma jirgi ba ya kutsa iska kai tsaye, sai a yi dama a yi hagu, ana juya filafilai, garin yana gabanki kina gani amma sai yamma ki isa. A Yedi Burun, tsakanin Kalkan da Fetiye, tukunyar shayi ma ɗaure ta muka yi. Na tuna da ke, ke da ko kwalbatin ƙofar gida ba kya tsallakawa sai kin yi bisimilla uku.

Na san tambayarki ta farko salla ce. Ban bar ko ɗaya ba. Sai dai a nan alƙibla kudu take, ta ɗan karkata gabas, kuma jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da iska, don haka nakan duba kamfas kafin in tayar da kabbara. A garuruwan gaɓa kiran asuba ta kan ruwa yake iso mu, tangaran.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi a ganuwar Bodrum, inda suka ajiye kayan jiragen da suka nutse. Akwai wani jirgi da mai nutso neman soso ya gano a 1982 kusa da Kash, a Uluburun, ya yi sama da shekara 3,000 a ƙarƙashin ruwa. A cikinsa an samu tagulla wajen tan 10, kuza tan 1, hauren giwa, haƙoran dorina da ƙwan jimina. Fatake ne, Kaka, irin kakanninmu, sai dai su ta ruwa suka bi. Ranar da muka ratsa ta wurin na daɗe ina kallon duwatsun.

Da kin ga yadda aka ciro kishiyar taki jiya. Wata ƙatuwar na'ura mai taya ta zura mata ɗamara biyu ta ƙarƙashi, ta ɗaga ta sama ruwa na zuba, aka tokare ta da ƙarafa. Cikinta duk gansakuka da ƙananan katantanwa sun manne, muka kankare su tas. Filafilai muka wanke da ruwan daɗi don gishiri na cin ɗinki, muka shanya, muka naɗe. Aka canja baƙin man inji, aka kwance igiyoyi. Mai jirgin ya ba ni hannu, ya ce baɗi ma da ni za a yi, in Allah ya kai mu.

Na saya miki zaitun da zumar itacen dajin nan. Kifi kam ban sa ba, tunda ke duk kifin da bai sha hayaƙi ba ba kifi ba ne. Ki haɗa mini yaji da daddawa da kuka, mai tahowa zai biyo ta wajenki. A gaida Baba da Inna da duk yaran gida, kuma a ci gaba da sa ni a addu'a.

Jikanki da ke Turkiyya